Jini ya tsaya, ciwo ya lafa: hanjin ya warke ke nan?

Direban Apapa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da maganar da nake son masu sani su warware mini. Ciwon kumburin babban hanji gare ni, wanda likitoci ke ce wa kolaitis mai gyambo. Bara na sha wuya, bayan gida da jini da majina dare da rana, har sai da na ajiye mota. Aka yi mini kolonoskofi, wato leƙa babban hanji da na'ura ta dubura, aka ɗora ni a kan magungunan firednisolon da mesalazin. Yanzu alhamdu lillahi jini ya tsaya, ina cin abinci, na koma bin layin tashar jiragen ruwa. To na je ganin likita, sai ya rubuta mini gwajin bayan gida wai kalfirotektin, ya ce kuma a sake zura na'urar nan a leƙa hanjin. Na ce masa ai na warke. Ya ce shi bai gani ba tukuna. Jama'a, mutumin da ba ya jin ciwon komai, me za a je nema a cikinsa? Kuɗin nan ba kaɗan ba ne, ga haya ga makarantar yara.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Muna da likitar ciki a zauren nan, in ta tashi daga aiki za ta gani. Kafin nan kowa ya faɗi abin da ya sani, amma don Allah ban da tallar magani.

Alhaji Alaba Rago: Malam Direba, ni ma da wannan ciwon nake fama, ya haura shekara 10. Shawarata, in ka samu lafiya ka gode wa Allah ka kama sana'arka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni in ya motsa na san alamunsa, sai in sa a sayo mini firednisolon in sha ya kwanta. Tun dubawar farko ban ƙara yarda an zura mini komai ba, ga ni nan kuma ina harkata a kara.

Hajiya Agege: Alhaji, ku yi haƙuri, ni ban goyi bayan wannan magana ba. Ɗana na fari cutar Kuron gare shi, 'yar'uwar taku ce, sai dai tasa ƙaramin hanji ta kama. Shi ma haka ya yi ta cewa ya warke, ya daina zuwa asibiti, ya koma kasuwa. Ba gudawa, ba zazzaɓi, sai ɗan kumburin ciki bayan cin abinci, da ramar da muka ɗauka ta wahalar Legas ce. Kwatsam hanji ya toshe, amai ba ƙaƙƙautawa, sai tiyata cikin dare. Wanda ya yi masa aikin ya ce wurin ya daɗe yana tsukewa, ba abin mako ɗaya ba ne. Duk tsawon lokacin nan yaron bai san abin da ke faruwa a cikinsa ba, ni da nake dafa masa abinci ban sani ba.

Mai Kemis Mile 12: Baba Alhaji, ranku ya daɗe, abin da ya fi tayar mini da hankali a maganarku shi ne firednisolon ɗin. Maganin kashe gobara ne na 'yan makonni, ba a zama a kansa. Wanda ya daɗe yana shan sa yana iya gamuwa da ciwon suga, hawan jini, lalacewar ƙashi, yanar ido, fuska ta kumbura. Ina ganin masu zuwa sayen sa ba takardar likita, kuma yawancinsu cewa suke yi basir ne ya tashi.

Alhaji Alaba Rago: Sugan kam an ce ina da shi. Amma ai girma ne.

Likitar Ciki: Assalamu alaikum, yanzu na samu sarari. Malam Direba, tambayarka ita ce tambayar da likitocin wannan fanni suka daɗe suna yi wa kansu, don haka kada ka ji kamar ka faɗi wani abu na rashin sani. Da can mu ma da alamu muke auna nasara: gudawa ta tsaya, jini ya ɗauke, ciwo ya lafa, sai a ce an yi dace. Abin da ya fara girgiza wannan tunani wani nazari ne da likitocin Faransa suka fitar a 1990. Sun ba masu cutar Kuron firednisolon na 'yan makonni, kashi 92 cikin 100 suka ce sun samu sauƙi sarai. Da aka leƙa hanjinsu da na'ura, cikin waɗanda suka samu sauƙin nan kashi 29 kacal aka tarar cikinsu ya lafa. Sauran suna yawo da gyambonsu, ba sa jin komai.

Baba Alhaji, karin maganarku gaskiya ce a wurare da yawa, amma a wannan ciwon mai ɗakin kan rasa sanin inda ke yoyo. Fatar cikin hanji ba ta jin zafi irin yadda fatar hannu ke ji. Kumburi yana iya ci gaba a hankali, ya bar tabo, tabon ya tsuke hanya kamar yadda ya faru da ɗan Hajiya, ko ya huda ya yi yoyo kusa da dubura.

Likitar Ciki: Sai kuma ɗaya ɓangaren, wato amfanin da ake samu in hanjin ya warke da gaske. A kudu maso gabashin Nowe an bi mutanen da aka gano cutar a jikinsu tsakanin 1990 da 1994, nazarin da ake kira IBSEN. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna masu kolaitis da fatar hanjinsu ta warke a shekarar farko sun fi tsira daga tiyatar cire babban hanji a shekarun da suka biyo baya. An sake ganin haka a gwaje-gwajen maganin infiliksimab: waɗanda hanjinsu ya yi kyau a mako na 8 sun fi kaucewa tiyata a cikin shekarar. Shi ya sa likitanka ya ce bai gani ba tukuna. So yake ya san a wane rukuni kake.

Direban Apapa: Ranki ya daɗe, na fara ganewa. Amma in an leƙa, da me ake gane ya warke? A takardata ta farko na ga an rubuta Mayo 3.

Likitar Ciki: Ma'auni ne da ya samo suna daga asibitin Mayo na Amurka, ana amfani da shi tun 1987. Daga 0 zuwa 3 yake. In an rubuta 0, fatar hanji lafiya lau, ana hango ƙananan jijiyoyin jini a jikinta. In 1 ne, akwai ɗan ja, jijiyoyin sun dusashe. A 2 jan ya yi yawa, jijiyoyin sun ɓace, fatar ta fara ƙujewa, da an taɓa sai jini. A 3 kuwa gyambo ne sosai, jini na zuba ba tare da an taɓa ba. Kai a 3 ka fara, ma'ana ciwonka mai tsanani ne, kuma irin naka ne aka fi son a tabbatar.

Shekaru da yawa ana haɗa 0 da 1 a ce duk warkewa ce. Daga baya aka lura ba ɗaya suke ba. A wani nazari na ƙasar Sifen da aka fitar a 2016, cikin wata 6 ciwon ya dawo wa sama da kashi ɗaya cikin uku na masu Mayo 1, alhali a masu 0 bai kai ɗaya cikin 10 ba. Don haka yanzu 0 muke hari in da hali. Masu cutar Kuron kuma nasu ma'aunin daban, ana ƙirga girman gyambo, faɗin wurin da ya kama, da ko akwai tsukewa, sashe bayan sashe. Abin da ake nema a can shi ne kada a tarar da gyambo ko ɗaya.

Ɗan Lab: Salam. Bari in tofa albarkacin bakina a kan kalfirotektin, tunda aikina ne. Wani sinadari ne da ke cikin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. In hanji na kumbure, ƙwayoyin nan kan yi dafifi a wurin, su zube cikin bayan gida, mu kuma mu auna yawansa. Ƙasa da 50 na mai lafiya ne. Ga mai wannan ciwon da ke kan magani, ana son ya sauko tsakanin 100 da 250 ko ƙasa da haka. In ya haura 250 akwai alamar kumburi bai mutu ba. Kyawunsa shi ne yakan fara hawa wata 2 ko 3 kafin mutum ya ji komai a jikinsa, musamman in an auna sau biyu a jere aka ga yana sama.

Sai dai a nan ƙasar tamu sai an yi hattara da shi. Ba ya bambance dalilin kumburi. Atuni na amiba yana ɗaga shi, tsutsar ciki irin ta tsargiya tana iya ɗaga shi, tarin fuka na hanji ma haka. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen su ma suna ɗaga shi. Shi ya sa in na ga ya yi sama nakan ce a fara duba bayan gidan don ƙwayoyin cuta kafin a ce ciwon ne ya dawo.

Direban Apapa: To fa. Diklofenak ai kusan kullum nake sha saboda ciwon baya. Duk direban da ya kwana a kan layi daga Mile 2 zuwa Tin Can ya san wannan ciwon.

Mai Kemis Mile 12: Malam, don Allah ka ajiye shi. Ba gwajin kawai zai ɓata ba, yana iya tayar da ciwon hanjin kansa, ga shi kuma yana taɓa ƙoda, alhali mai shan mesalazin dama ana son a riƙa duba masa ƙoda lokaci-lokaci. Farasitamol ya fi maka aminci, ka kuma gaya wa likitanka maganar bayan. Wani abu da nake gani kullum: da jini ya tsaya sai mutum ya rage mesalazin don ya yi masa auki, ko ya bari gaba ɗaya saboda tsada. An yi nazari a Amurka aka ga masu wasa da shan sa sun fi fuskantar dawowar ciwon har ninki 5. In kuɗinsa ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa likita kai tsaye, akwai salfasalazin da ya fi araha, shi zai duba ko ya dace da kai.

Alhaji Alaba Rago: Duk na ji. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, wannan aune-aunen yana ƙara wa mutum lafiya, ko dai takardu yake ƙara masa?

Likitar Ciki: Tambaya mai kyau, Baba, kuma an gwada ta. A 2017 aka fitar da nazarin CALM a kan mutum 244 masu cutar Kuron. Aka raba su biyu. Rukuni ɗaya ana ƙara musu magani ne kawai in sun yi ƙorafin ciwo. Ɗaya rukunin kuwa ana auna jini da bayan gida a kai a kai, in CRP, wato gwajin jini mai nuna kumburi, ya kai 5 ko kalfirotektin ya kai 250 sai a ƙara ƙarfin magani ko da mutum ya ce lafiyarsa ƙalau. Bayan mako 48 aka leƙa. Masu aune-aune kashi 46 cikin 100 hanjinsu ya warke, ɗaya rukunin kashi 30. Da aka ci gaba da bin wasunsu na kimanin shekara 3, waɗanda suka haɗa biyun, wato ba alamu kuma ba gyambo, haɗarin su gamu da tsukewa ko yoyo ko tiyata ko kwanciya asibiti ya ragu da kusan kashi 80.

A kan irin waɗannan hujjoji ne ƙwararru na duniya suka tsara matakai a 2015, suka sabunta a 2021 da sunan STRIDE-II. Da farko alamu su ragu. Sai su ɗauke, CRP ya daidaita, kalfirotektin ya sauko, in yaro ne kuma ya koma girma yadda ya kamata. Can gaba sai a ga fatar hanji ta warke, mutum ya koma rayuwarsa ba tare da ciwon ya nakasa shi ba. Ina son wannan na ƙarshen, domin direban da takardarsa ta yi kyau amma ba ya iya zama a mota bai kai inda muke so ba.

Ɗaliba Idi-Araba: Ranki ya daɗe, a ba ni dama in ja kaɗan. A karatunmu mun ga nazarin STARDUST na 2022, inda aka gwada irin wannan tsarin da maganin ustekinumab, har da leƙa hanji da wuri don a ƙara magani. A mako na 48 bambancin da aka samu tsakanin rukunonin biyu bai kai a kafa hujja da shi ba. Kuma nazarin Nowe bin mutane aka yi kawai. Ba zai yiwu waɗanda suka warke ɗin dama ciwon nasu mai sauƙi ne ba, shi ya sa suka warke kuma suka tsira daga tiyata?

Likitar Ciki: Madalla, ƙanwata, haka ake so ɗalibi ya karanta. Gaskiyarki ce a duka biyun. Cewa masu warkakken hanji sun fi samun ƙarshe mai kyau, wannan ya tabbata. Cewa kuma duk wanda aka matsa masa da ƙarin magani har sai takarda ta nuna 0 zai ci riba, wannan magana ce daban, kuma ta danganta da mutumin. Magungunan nan masu ƙarfi suna rage garkuwar jiki. A ƙasar da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suka yawaita kamar tamu, ba a fara infiliksimab ko adalimumab sai an yi wa mutum gwajin cututtukan nan biyu, domin suna iya farkar da cutar da ke kwance. Ga kuma tsadarsu, wadda ke iya cinye jarin gida guda.

Ni yadda nake yi ke nan. Matashin da cutar Kuron ta kama masa wuri mai faɗi, gyambon mai zurfi, ko yana da yoyo a dubura, ko yana shan taba, shi nake bi da ƙarfi, don shekarun da ke gabansa suna da yawa kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Dattijon da ya rage masa ɗan ja a ƙarshen hanji, yana lafiya a kan mesalazin, sai in ƙara masa na matsawa ta dubura in sake aunawa, ba zan ɗora shi a kan allura mai tsada da haɗari ba. Amma a duka biyun sai na san abin da ke ciki kafin in yanke. Rashin dubawa ne ba ni da hujjar da zan kare shi da ita.

Ɗan Lab: Ni kuma a nan nake ganin Likita ta yi sassauci. Ido ta na'ura iyakarsa saman fata. Sau nawa ake kawo mana ɗan naman da aka tsinko daga hanjin da aka rubuta wa Mayo 0, mu sa a madubin likita mu tarar fararen ƙwayoyin nan na nan cikin fatar? Akwai ma'aunai don wannan, na Geboes tun 2000, da na Nancy mai 0 zuwa 4. Likitocin Oxford a Ingila sun bi masu kolaitis na kusan shekara 6, suka ga waɗanda naman nasu ya wanke a madubi sun fi kaucewa komawa kan firednisolon da kwanciya asibiti. Tunda an riga an shiga, a tsinko naman mana, a kuma yi aiki da abin da ya nuna.

Likitar Ciki: A tsinko kam, kullum ina tsinkowa, kuma ina son ku riƙa rubuta mana ko akwai ƙwayoyin ko babu, maimakon a rubuta kumburi kawai a yi shiru. Inda muka rabu shi ne abin da za a yi da sakamakon. STRIDE-II kansa bai sa warkewa a madubi cikin abin da dole a cimma ba, ya ajiye ta a matsayin ƙarin haske a kan zurfin warkewar. In na ga Mayo 0 amma madubi ya nuna saura, ba na rage wa mutum magani, ina kuma matso da ranar dawowarsa. Ban cika canza masa magani gaba ɗaya a kan wannan kaɗai ba.

Ɗan Lab: Na ji, amma ni dai ina nan a kan bakata. Nan da 'yan shekaru madubi ne zai zama alƙali.

Direban Apapa: Ku masu ilimi kun yi nisa. Ni dai a gaya mini abin da zan yi da ɗan abin da ke hannuna.

Likitar Ciki: Ka bar diklofenak na 'yan makonni, sannan ka yi kalfirotektin da gwajin yawan jini, don masu wannan ciwon kan yi ƙarancin jini ba su sani ba. Game da leƙawa, ka tambayi likitanka ko gajeriyar dubawa za ta wadatar, wadda ake kira sigmoyidoskofi. Kolaitis daga ƙarshen hanji yake farawa ya hau sama ba tsallake, don haka sau da yawa leƙa ɓangaren hagu ya isa a san halin da ake ciki. Ba sai ka sha ruwan wankin ciki mai yawan nan ba, ba sai an sa ka barci ba, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ana son yin ta tsakanin wata 3 zuwa 6 da fara magani. In ta nuna ka warke kuma kalfirotektin na ƙasa a lokaci guda, an san lambar kalfirotektin ɗinka ta lokacin lafiya ke nan, daga nan sai a riƙa bin ka da gwajin bayan gida, ba sai an yi ta zura na'ura ba. Ka kuma bincika ko inshorar Ilera Eko ta jihar Legas ko ta ƙasa za ta ɗauke maka wani abu. Asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen likitocin ciki.

Direban Apapa: Wannan kam zan iya. Allah ya saka da alheri, ranki ya daɗe.

Hajiya Agege: Likita, ni kuma fa? Tunda an yanke wa ɗana wurin da ya lalace, shi ke nan an rabu da ita? Yana cewa bai taɓa jin daɗin jikinsa kamar yanzu ba.

Likitar Ciki: Hajiya, Allah ya ɗorar da lafiyar, amma kada ku saki jiki. Cutar Kuron takan dawo daidai inda aka ɗinke hanjin biyu. Wani likita a Beljiyam mai suna Rutgeerts ya nuna a 1990 cewa shekara ɗaya bayan tiyata kashi 73 cikin 100 sun riga sun yi sabon gyambo a wurin, alhali kashi 20 ne kawai ke jin wani abu. Daga baya a Ostareliya da Niyu Zilan aka gwada leƙawa a wata na 6 tare da ƙara magani ga wanda aka ga ta fara dawowa. A wata na 18 ta dawo wa kashi 49 na waɗanda aka leƙa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 67. Don haka in bai yi kolonoskofi ba tun bayan aikin, lokaci ya yi. In yana shan taba ko shisha, barinta na cikin manyan magungunansa.

Wani abu kuma, ita wannan cutar tana ratsa duk kaurin bangon hanji, kuma takan zauna a inda na'ura ba ta kaiwa. Kalfirotektin ma bai cika zama abin dogaro ba in ƙaramin hanji kaɗai ta kama. Shi ya sa muke haɗawa da hoton MRI na hanji, ko sikanin irin na masu juna biyu a hannun wanda ya koyi duba hanji da shi. Bangon da ya wuce milimita 3 alamar kumburi ce. Ina fatan wannan sikanin ya yaɗu a asibitocinmu, don ba wankin ciki, ba allura, kuma injin ɗin yana nan ko'ina, horarwa ce ta rage.

Ɗaliba Idi-Araba: Ranki ya daɗe, ki taɓa maganar tarin fuka na hanji, don shi ma ƙarshen ƙaramin hanji yake kamawa.

Likitar Ciki: Shi da cutar Kuron suna kama da juna ƙwarai, a ido da a hoto, wani lokacin har a madubi. Kuskuren kuma yana da muni: in aka ba mai tarin fuka maganin rage garkuwa, cutar sai ta bazu. Likitocin Indiya, masu ganin cututtukan biyu a marasa lafiyarsu, sun nuna hanya mai amfani gare mu. In an rasa tabbas sai a fara da maganin tarin fuka, wanda kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati a nan Najeriya, bayan wata 2 ko 3 a sake leƙawa. Jin sauƙi ba ya raba gardama, domin wasu masu Kuron ma kan ɗan ji daɗi a kan maganin. Gyambon ne ke faɗin gaskiya. In tarin fuka ne za a tarar ya warke ko yana dab da warkewa, in Kuron ce yana nan.

Akwai kuma akasin abin da muka fara da shi: mutum na ta gudawa da murɗar ciki, a leƙa a tarar hanji lafiya lau. Irin wannan in ya bi alamu ya yi ta shan firednisolon, cutar da kansa kawai yake yi, don abin da ke damun sa ba kumburi ba ne.

Alhaji Alaba Rago: 'Yata Likita, na yi shiru ne ina sauraro. Ni da na wuce shekara 10, kuma a dubawar farko an ce duk babban hanjin ya kama, mene ne nawa a ciki?

Likitar Ciki: Baba, zan faɗa muku kai tsaye don kun cancanci haka. Kumburin da ya daɗe a babban hanji yana ƙara haɗarin ciwon daji a wurin, kuma likitocin asibitin St Mark's na Landan sun nuna a 2004 cewa gwargwadon tsananin kumburin, gwargwadon haɗarin. Shi ya sa ake fara kolonoskofi na sa ido shekara 8 bayan fara alamu, ga duk wanda ciwonsa ya wuce ƙarshen hanji, sannan a riƙa maimaitawa tsakanin shekara 1 zuwa 5 bisa abin da aka gani. Yawancin masu wannan ciwon ba sa kamuwa da daji. Wanda kuma aka gano masa sauyin fata da wuri, sau da yawa ta cikin na'urar ake cire wurin ba tare da an buɗe ciki ba. Taku cikakkiyar dubawa ake bukata, ba gajeriya irin ta Malam Direba ba, kuma an fi ganin komai sarai in an yi ta lokacin da ciwon ya lafa.

Yawan komawarku kan firednisolon ma alama ce cewa ba ku kan maganin da zai riƙe ciwon. Sai dai in kuna kan shan sa yanzu kada ku yanke shi rana ɗaya, jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwa. A hankali ake janye shi, da lissafin likita, tare da duba sugan nan.

Alhaji Alaba Rago: Ina kan sha kuwa, tun kafin Babbar Sallah. Takardar dubawar farkon tana gida Sakkwato, zan sa yara su nemo su turo mini hotonta. Hajiya, ku da kuka san hanyar asibitin, ku taimaka mini da yadda ake karɓar kati.

Hajiya Agege: In sha Allahu, Alhaji. Zan turo muku ta gefe. Ku fita da asuba kafin hanyar Badagry ta cushe.

Likitar Ciki: Ku tafi da kwalayen duk magungunan da kuke sha, Baba, har da na suga da na gargajiya in akwai, ku kuma faɗa wa likitan sau nawa kuka koma kan firednisolon a bana.